Rarar Injiniya Dalvi

Da famfon Khala Mehrun ya fashe, maƙwabcinta Ashfak Dalvi ne ya gyara mata kyauta, amma ya lanƙwasa bututun kamar maciji.

"Ɗan nan, wannan fa?"

"Ƙarfe ma yana miƙa in ya ji zafi, Khala."

Aikinsa ke nan a Mumbai, shi injiniya ne mai lissafin zafin da bututun mai na ƙarƙashin teku zai jure. Komai sai ya bar masa rara, har ƙugun wandonsa. Bana shugabansa ya sa ya rage rarar, kuma in bututun ya tsage, sunansa ne a takarda. Ya rame.

Ranar buɗe bututun ya leƙo, riƙe da wando.

"Khala, a yi mana addu'a kada zafin ya wuce digiri casa'in. Ki ambaci lambar, don Allah."