Yadda Na Je Bayan Manchok Neman Addu'ata

Duk Kafanchan an san ni, Dattijo Bitrus, ban taɓa rasa abin faɗa ba. Uwata ta ce ranar da aka haife ni sai da na gaishe da unguwarzoma kafin in yi kuka. A ikkilisiya kuwa in aka ce wani ya yi mana addu'a, ba a duban kowa sai ni. Amma tun da muka binne matata Rifkatu a daminar 1993, in na durƙusa sai bakina ya mutu. Ina hira da kowa, har akuyar maƙwabta, ban da Allah. Wata goma sha ɗaya ina ɓoyewa, kowace Lahadi in ce maƙogwaro ne. Da abin ya ishe ni, na shirya zuwa wurin Baba Yohanna, tsohon faston da ya yi mini baftisma, ya kuma ɗaura mana aure.

Kafanchan

Ranar Talata ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito, da doya uku a jaka. Bas ba ta cika ba sai bakwai saura kwata. Direba na tayar da mota, wata 'yar zumuntar matan ikkilisiya ta hango ni daga baya.

"Direba tsaya mana. Ga dattijonmu a gaba, za mu tafi babu addu'a?"

Na kama tari, irin wanda da likita zai ji da ya kwantar da ni.

"Baba," in ji direba, "ko tarin ne ka rufe shi da amin mu wuce."

Matar ce ta yi addu'ar, cikin sauƙi kamar tana magana da ƙanen babanta. Na sunkuyar da kai ina jin kishinta.

Kagoro

Bakwai da minti goma muka tsaya a shinge. Ɗan sanda ya tambaye ni abin da ke jaka, na ce doya uku da zunubaina.

"Doyar zan duba, oga. Sauran ba aikina ba ne."

Gajimare ya zauna a kan dutsen Kagoro kamar hula. Na juya in nuna wa Rifkatu, sai muka haɗa ido da wani mutum rungume da kaza. Ban ƙara magana ba har Manchok, abin da bai taɓa faruwa a tarihin wannan hanya ba.

Manchok

Ƙarfe takwas na sha kunu da ƙosai a tasha, na hau acaba. Ruwan jiya ya cika rafi, ɗan acaba ya ce iyakarsa ke nan. Na naɗe wando na ƙetare, na taka mil biyu. In kun ji na ce ashirin wata rana, kada ku ƙaryata ni a gaban mutane.

Gidan Baba

Sha ɗaya saura na iske Baba a gona bayan gida, yana huɗa. Na taho da jawabi da na shirya tun Kafanchan, mai kashi uku. Ya miƙo mini garma. Mun yi kunya huɗu kafin in ce, "Baba, Allah ya daina zuwa inda nake. Ko ni ne na daina, ban sani ba."

Bai ɗago ba. "Da ɗanmu Ayuba ya rasu, shekara biyu ban yi addu'a ba."

"Kana fasto?"

"Ina fasto. A majami'a ina karanta na littafi. A gida Mama, matata, ke yi, ni in ce amin. Wani lokaci amin ɗin ma ita ke ce mini."

"To yaya ya dawo?"

"Wa ya gaya maka ya tafi? Gyara kunyar nan, ta karkace."

Da rana Mama, matar Baba, ta kawo tuwon acca da miyar karkashi. Kun san al'adarmu, baƙo ke sa wa abinci albarka. Na soma shirya tari, Mama ta ce, "Ɗana, a gidan nan muna da magani."

Na rufe ido na ce, "Uba."

Shi ke nan. Shekara ashirin da huɗu, duk sa'ad da addu'ata ta yi tsawo, Rifkatu kan ɗora hannu a gwiwata, in sani lokacin amin ya yi. A kan tabarmar nan na gane hannun nake jira tun kafin in fara. Gwiwar na nan, ba kowa. Na yi kuka kamar yaron da aka manta a kasuwa. Tsofaffin nan ba su motsa ba, idonsu a rufe. Ban ga haske ba, ban ji murya ba, kuma kun san da na ji da na ƙara gishiri. Abin da na sani, shirun ɗakin ba irin na gidana ba ne. Akwai mai saurare.

Can Mama ta ce amin, muka ci.

Komawa

Na kwana, Laraba ƙarfe tara na kamo hanya, biyu na rana ina Kafanchan. Har yanzu ban wuce kalma biyar ko shida ba, kuma kewar Rifkatu ba ta ragu ko kaɗan ba, amma ina durƙusawa. Na gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni, da tsofaffin nan biyu, da matar bas wadda ban san sunanta ba.

Da Mama ke raka ni bakin rafi, na tambaye ta ko tana ganin zan koma yin addu'a irin ta da.

"Allah ya kiyaye," ta ce. "Shekara nawa kana zuwa gidana, jiya ne kawai muka ci tuwo da zafinsa."