Mai Lemon Kankana a Tashar Bici

A bakin tashar Bici akwai wani mai lemon kankana, dogo, sanye da farar safar hannu irin ta likitoci. Da ita yake share gumi, da ita yake yanka kankana. Ruwan bokitin da yake tsoma kofuna a ciki har ya koma kalar kunu.

Wata dattijuwa ta tsaya gabansa. "Malam, jikata tana asibiti. Amai da gudawa take tun da ta sha lemonka."

"Allah ya sawwaƙe, Inna," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. "Amma nawa da ƙanƙara ne, sanyi yana kashe cuta."

Ina jin ya daɗe da haddace amsar nan. Shi kuwa in ƙishi ya kama shi, ledar fiya wata yake fasawa.