Auren Da Kika Ɗaura Kika Bar Mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Rajab, da hantsi, 'yarki ta kira ni ta ce Allah ya karɓi abinsa. Gwaggo, tun ranar ban iya zama wuri guda ba. In na zauna sai in miƙe, in na ɗauki carbi sai in kai ƙarshensa ban san me na ja ba.

Ke kika kafa ƙungiyarmu ta lambun unguwa, a filin bayan makaranta da a da juji ne, kowa yana zuwa don Allah. Ni ma ke kika jawo ni, shekarar da maigidana ya rasu na kulle kaina a ɗaki. Ba ki yi mini wa'azi ba. Aikowa kika yi wai bayanki na ciwo, in zo in taya ki cire ciyawa. Sai da na ga yadda kike ɗaga buhun taki na gane bayan nan lafiyarsa ƙalau.

Kin san ni da waswasi, mai maimaita alwala ce. Haka na zo wa tumatir da ruwa safe da rana da yamma. Kika tsaya kina kallona, kika ce, "Malama, shuka ba najasa ba ce, ki daina wanke ta." A wurinki na koyi cewa barin abu ya huta ma kulawa ce, a wurinki kuma dariyata ta dawo.

Gwanintarki ita ce auren itace. Ki yanko reshen bishiya mai daɗi, ki tsaga ƙaramin dashe, ki haɗa su ki naɗe da leda. Tela, dattijon da ke riƙe mana makullin lambu, yakan tsokane ki wai ina aka taɓa ganin mace na ɗaura aure, ba waliyyi ba shaidu. Ki ce masa ai naki auren bai taɓa kai kowa gaban alƙali ba.

Da mai gidan da nake haya ya ce zai sare lemon da marigayi ya dasa a tsakar gida don ya fitar da shago, ban gaya wa kowa ba sai ke. Kika zo da wuƙarki kafin masu gatari, kika yanki reshe guda, kika aura shi a lambu. Yanzu uwar bishiyar babu ita, wannan reshen kaɗai ya rage mini. Kika ce kwance ledar yana da lokacinsa: in aka yi gaggawa reshen ya bushe, in aka makara ledar ta shaƙe shi. "Kar ki taɓa sai na ce."

Sai ciwo ya kwantar da ke. Na je duba ki a asibiti, maganar tana bakina, kunya ta hana ni tambayar mara lafiya zancen itace. Na ce bari ki warke.

Bayan rasuwarki na yi ta safa da marwa tsakanin gida da lambu. Tela ya ce in kwance, wata 'yar ƙungiya ta ce in ƙara haƙuri, kowa da fatawarsa, ledar kuwa ta fara nutsewa cikin ɓawo. Umarninki ya ɗaure ni, mai sake ni kuma ta tafi. Jiya dai na ɗauki reza, na yi bismillah, na tsaga ledar. Tabon ya haɗe, Gwaggo. Ga wani ɗan toho kore da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na juya in nuna miki.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe kurakuranki, ya haskaka kabarinki. Duk wanda ya ci daga abin da kika shuka, mutum ko tsuntsu, Allah ya kai miki ladan. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki da jikokinki da 'yan ƙungiyarmu. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya kyautata namu zuwan. Amin.