Layin Toka Zuwa Masallaci

Ciwon Baba da rawar hannu ya fara, daga baya ya sauko ƙafa. Yana cikin tafiya sai ya ƙame, musamman a bakin zaure, kamar an kafe shi. Mutumin da sahun farko ba ya wuce shi a masallacin unguwarmu a Madachi, ga shi yana jin ana tada salla, taku ashirin ya gagare shi. Ranar da na ga hawaye a gemunsa, ni ma sai da na yi.

Na kai shi asibiti a Kano. Likita ya ce wani sinadarin furotin ne ke dunƙulewa a ƙwaƙwalwa, yana kashe ƙwayoyin da ke taimakawa wajen aika saƙo zuwa gaɓoɓi. Ƙafa lafiyarta ƙalau, umarni ne ba ya isowa. Magani zai sassauta, amma ba zai warkar ba. Na dawo na rattaba wa Inna bayani ina jin kaina, ni ɗan boko.

Inna, mahaifiyata, ko aji ɗaya ba ta yi ba, amma ta fi ni ido nesa ba kusa ba. Ita ta lura in Baba ya ƙame ya ga tsintsiya a ƙasa, sai ya tsallake ta, tafiya ta kama. Sai ta riƙa yafa mayafi, ta ɗebi toka a murhu, ta ja layi-layi a gicciye daga zaure har ƙofar masallaci, tazarar taku ɗaya.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, kowa na gudun abin da ya yi kama da tsafi. Mutane suka fara kewaye tokar, wai asiri ne. Ni kuwa, matsoracin banza, na ce, "Inna, ki bari, ana maganarmu."

"Su yi ta yi," in ji ta. "Su za su ɗauke shi su kai?"

Liman ya zo da kansa gab da La'asar. Daga bayan ƙyaure Inna ta ce, "Malam, share layi biyu ka gani." Ya share da takalmi. Baba ya fito yana tsallakewa ɗaya bayan ɗaya, da ya iso wurin da aka share ya tsaya cak, gumi na keto masa.

Liman ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tsuguna da farar rigarsa, ya tattaro tokar da hannu, ya mai da layukan. Baba ya ɗaga ƙafa ya wuce.