Yadda inji ya cinye sunan mijina

"Inna, ordinater ɗin ne ba ya jin Hausa," in ji mai buga takardu a Magarya, yana nufin kwamfutarsa, yana gyara tabarau.

Sanarwar addu'ar mijina Ɗanjuma na tura masa daga wayata. Da ya buɗe, harafin farko na sunan ya koma ɗan akwati. Gwanin namu sai ya goge akwatin, ya buga.

Na karanta: "Addu'ar marigayi anjuma."

Na ce, "Malam, mutum ya riga ya tafi, kai kana cewa sai an jima?"

"Ai za a gane."

Na zauna da alƙalami ina mayar wa mijina da harafinsa, takarda bayan takarda. Hidimar da ta rage mini ke nan.

Ku fa, sunan wa inji ya taɓa cinye muku?