Kafaɗar Inna da Jifan Shaiɗan

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi ina akawu a Kankiya. Kuɗi suka shigo hannuna irin waɗanda ban taɓa riƙewa ba, nan da nan kaina ya kumbura. Na biya wa mahaifiyata kujerar Makka, sannan na ɗauki shatar mota na je Dudunni na ɗauko ta na kawo ta gidana. Ranar da muka iso na kafa doka: ba daka, ba jan ruwa, ba shara. Uwar ma'aikacin gwamnati guda da taɓarya a hannu? Mutane su ce me? Matata ta bi dokar sau da ƙafa. Ko buta Inna ta miƙa hannu za ta ɗauka sai an riga ta.

Dama ta jima da ɗan ciwo a kafaɗar dama, tana lallaɓa shi tana aikinta. Wata huɗu da zama a kan tabarma sai hannun ya ƙi ɗaguwa. Ɗaurin kallabi ya gagare ta, kabbarar sallah ma iyakarta ƙirji. Amma duk ba wannan ne ya dame ta ba. Jifan Shaiɗan ne. Limaminmu ya aiko mata cewa ta kwantar da hankalinta, wanda ya kasa ana iya jefa masa.

Ta ce da ni, "Kai, ji mani wagga magana. Shekara sittin wanga la'ananne yana wahal da ni, in tahi har inda yake in ba wani aron jifa? Aradu da hannuna za ni jefe shi."

Saura wata uku a tashi. Na buɗe bakin aljihu, don ni a lokacin maganin da bai ci kuɗi ba, ba magani ba ne. Wanzami ya zo ya yi mata ƙaho har sau uku. Na sayo man zafi kwalba-kwalba, gidan duk ya ɗauki wari. Duk ranar kasuwa mai kemis ya tsira mata allura, ta sami sauƙin kwana biyu, ciwon ya dawo yadda yake. Wani direba ma ya kawo mini ƙwayoyi daga Kano masu launi biyu, na biya ban ko taya ba. Hannu dai yana nan kamar an ɗaure shi da igiya.

Da dabara ta ƙare ne na kai ta ɗakin shan magani, wurin da nake rainawa saboda kyauta ne. Malamin asibitin wani dattijo ne siriri, mai yawan tsokana. Ya juya hannun a hankali, ya tambaye ta aikin da take yi a gida.

Ta nuna ni da haɓa, ta ce, "Aiki? Tambayi mai gidan. Ya maishe ni kayan jere."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya tsayar da ita gaban bango ya ce ta hau shi da yatsu kamar gizo-gizo, kullum ta ɗan wuce inda ta tsaya jiya. Ya ce ta sunkuya ta saki hannun yana lilo. A rataya igiya a reshe, ta riƙe baki biyu, hannu mai lafiya ya riƙa jan mara lafiyan sama. Safe da yamma, in ya yi zafi sosai ta dakata. Ƙananan ayyuka kuma a sakar mata abinta.

Na tsaya ina jiran allura. Da na ga babu, raina ya ɓaci. Na ce, "Malam, in don kuɗi ne, akwai su."

Ya ce, "Na sani, ranka shi daɗe. Ai su na gani a kafaɗar."

Na fito ina huci. A hanya na ce da Inna wannan wasan yara ne, gobe sai babban asibiti. Ta ce ba inda za ta, a samo mata igiyar guga.

Haka aka rataya igiya a bishiyar bedin tsakar gida. Makon farko da hawaye take ja, ni kuwa in shige ɗaki don ba na iya kallo. Tana sa gawayi tana zana inda yatsunta suka kai a bangon da na kashe kuɗi na shafa wa farar ƙasa, ban isa in yi magana ba. Ta karɓe tankaɗe daga hannun matata, daga baya ta karɓe shara. Wata rana wani abokin aikina ya yi sallama ya tarar da ita tana shanya a kan igiya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi ko a jikinsa, gaishe ta ya yi ya wuce.

Da zanen gawayi ya wuce tsayin kanta, sai ta tara tsakuwa a ƙwarya ta fara gwaji. Awakin maƙwabta da suka saba shigowa cin dusa su suka ji a jikinsu. Kafin wata ya ƙare ko leƙo zauren sun daina. Ciwon bai tafi duka ba, har ta bar duniya takan ji shi in an yi sanyi, amma hannu ya tashi.

Ranar da alhazai suka dawo na je Kano tarbarta. Na hango ta cikin mata, ga haƙorin Makka yana walƙiya, ga jaka a ka ta riƙe da hannun dama. Daɗi ya kama ni har idona ya kawo ruwa. Ban ko gama gaisuwa ba na ce, "Inna, kin jefa?"

Ta ce, "Na jefa mana. Ko ɗaya ban ba kowa ba. Na gama nawa, na jefa ma wata baiwar Allah 'yar Kafin Soli, hannunta ko baki bai kaiwa, tana ta kuka."

Na ce, "Allah sarki. Me ya same ta?"

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ba komi. Ita ma ɗanta ma'aikaci ne, yana sonta ƙwarai."