Jinkar Kawu Sada

Har yau in na ji ƙaurin kara sai na fita na duba inda hayaƙin ke tashi. Shi kuwa Kawu Sada, wanda ya ja mini wannan, ramuwar gayya yake yi da gaisuwa: in na durƙusa sai ya amsa wa bango.

Wan mahaifiyata ne, kuma a Dudunni babu wanda ya kai shi iya baibaya. Tun yana saurayi ake zuwa ɗaukarsa har daga Bauranya ya ɗaura jinka. Da kwano ya shigo gari aiki ya ja baya, sai ya tattara gwanintarsa duka ya zuba a kan jinkar rumbun gidanmu. Shucin da kansa ya yanko, ya tsefe, ya jera. Baƙo ba ya shan ruwa sai ya fara ganinta. A cikin rumbun nan kuwa geron gida biyu ne, nasa da na Innarmu, wanda za mu ci har kaka.

Da bazarar bana na dawo daga ɗan horon kashe gobara da na shiga bayan gama jami'a. Ranar wata Talata bayan azahar, wuta ta tashi a tarin karan maƙwabcinmu Gajere. Iska tana kaɗowa wajenmu. Abin da aka fara koya mana ke nan: wuta abinci take bi, iska ce jagorarta, kuma zafinta yana riga harshenta isowa. In ba za ka iya kashe ta ba, ɗauke mata abin ci.

Na ruga da maza huɗu mu sauke jinkar mu kai fili. Muka tarar Kawu ya jingina da rumbun.

"Kawu, ku matsa mu ɗauke ta!"

"Ku ɗauke mi? Wutar da ke ƙetaren hanya? Ƙafa gare ta?"

"Tartsatsi ke tashi, Kawu. Ku taɓa shucin ku ji."

Ya taɓa, ya janye hannu da sauri, amma ya ce, "Rana ce. Kai, ɗan Rukayya, kwana nawa ka yi kana koyon wuta? Ni da ita muka tsufa."

Gajere na can yana ihu a kawo ruwa, mata na ta sheƙa bokiti a kan darni, shi kuma Kawu yana yi mana bayanin cewa in aka kama jinka ta gefe ɗaya tsaikonta zai goce. Wallahi ji na yi kamar in fashe da kuka. Wani guntun kara mai ci ya faɗo kan harawar da ke bisa rumfa, dab da rumbun, ta fara hayaƙi.

Innarmu ce ta fito, ko mayafi babu. "Yaya, in geron nan ya ƙone, shuci za mu dafa wa yara?"

Ko taku ɗaya bai matsa ba. Sai na sunkuya na sungume shi, kawuna, dattijo mai furfura, a gaban jama'a, na aje gefe. Mutanen suka cicciɓi jinkar. Kamar yadda ya faɗa, tsaikon ya goce, ta wargaje kafin a kai fili. Muka kife bakin rumbun da fallen kwano, muka jawo harawar ƙasa da sanda muka bi ta da ƙasa. Rumfar ta ci ƙurmus. Bangon rumbun ya yi baƙi, amma ko zangarniya ɗaya ba ta ƙone ba.

Da yamma mutane suka yi ta zuwa jaje da barka. Kowa ya zo sai Kawu ya kai shi fili ya nuna masa tarkacen. "Dubi aikin ɗan boko. Wuta ba ta taɓa ta ba, shi ya kashe ta."

Tuwon geron kuwa Kawu yana ci, har da ƙari. Jiya na ga ya yanko sabon shuci, ya jingine dammunan a jikin madafa, inda Innarmu ke hura wuta. Na ce, "Kawu, nan fa?" Ya dubi bango ya ce a gaya mini nan ne inuwa.